Ido a Goshi

Lawali ne ya ɗaura mini ita,
ɗan ƙanena, mai shagon cajin waya a unguwar Zariya.
Roba ta zagaye kaina bisa kallabi,
waya ta zauna inda tabon salla yake.
Ya ce, "Gwaggo, kar ki dubi kowa,
hannunki kaɗai suke saye."

Su wa?
Wai wasu ne can bayan teku
suke renon inji mai yatsu biyar.
Ba shi da uwa,
shi ya sa bai san rikon soso ba.

To, ni Tasalla na zama uwar goyo
ga ɗan da ban san nauyinsa ba.

Awa guda, jika ɗaya da rabi.
Shekara ashirin da bakwai ina kankare tukunyar nan,
ko dala ba ta taɓa haifa mini ba.

Sharaɗi ya fi kuɗin yawa:
kar fuska ta fito, kar yaro ya gifta,
a kashe rediyo, haske ya wadata.
Sai ga ni ina wanke-wanke da rana tsaka,
sa'ar da ko kaza ta san darajar inuwa.
Bisimillata a ciki nake yin ta,
da haƙora a rufe.

Ran Talata suka maido mini uku.
Na fari, jar akuyar Baraka
ta tsoma baki a ruwan ƙanzo.
Na biyu, wai hannu ya cika sauri.
Na uku, ba su gane abin da nake goga wa tukunya ba.
Toka ce, bayin Allah,
toka da yashin gulbi.

Na koyi nawa.
Na ɗaga kwano kamar mai ɗaga jinjiri,
na juya shi, ido ya ƙoshi.

Da dare, da wuta ta dawo,
Lawali ya nuna mini abin da goshina ya gani.
Ban taɓa kallon hannuna ba sai ran nan.
Ga ƙunar man gyaɗa
ta shekarar da na toya ƙuli da tsohon ciki.
Ga ɗan yatsan da turmi ya karkatar.
Sai na ga ludayi ya bugi bakin tukunya
sau biyu, ƙwas, ƙwas,
kafin a ajiye shi.
Wannan ba nawa ba ne.
Na Kuluwa ne, wadda ta haife ni.
Ashe ba duka muka binne a Tibiri ba.

Malam Iro, da bai san inda tsintsiya ke kwana ba,
ya ji ƙarar kuɗi ta shigo waya.
Washegari ya tuɓe hula, ya miƙo goshi.
Ya share tsakar gida daga ƙofa zuwa ɗaki,
ya tara mini shara a bakin gado.
Nasa suka karɓa.
Lawali ya ce ana so injin ya ga kuskure ma.
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Wani lokaci, ina tsakiyar ninke zane,
nakan tuna wata can, mai irin hannuna,
da take cin abinci da wankin gidan wasu.
In ɗan goyona ya girma,
ƙofar wa zai fara ƙwanƙwasawa?
Ban sani ba. Hatsi ya hau, tiya ba ta jira.

Ko wata rana, a gidan da ba a jin Hausa,
hannun ƙarfe zai bugi bakin tukunya sau biyu,
masu gida su ɗauka ya lalace.

La'asar ta yi. Na kwance robar,
ta bar mini layi a goshi.
Saura ƙwarya ɗaya, ta fura, mai ɗinki a gefe.
Ita ba na sayarwa.
Na wanke ta da saurina,
ina magana da ƙarfi.