Sirdi a Kaina

Albashin wata biyu na kai wa Baba Cindo,
rumfarsa ta wajen Ƙofar Gayan, mai warin kirgi da man shanu.
Na ce ina son ƙaimi mai ƙyalli
da sirdi mai tudun kwacciya, wanda za a hango daga nesa.
Bai ɗago ba. Da basilla a baki ya ce, "Ina za ka?"
Na ce gindin Kufena zuwa Shika, mu zagayo kafin la'asar.
Ya ce, "Wa zai ɗauki wa?"

Da hannun nan mai yatsa shida
ya tura ƙaimin ƙarƙashin tabarma.
A kawo goɗiyar tukuna, in ji shi,
sirdi takalmi ne, ba a sayensa da ka.

Na jawo Ladingo.
Ya shafa gadon bayanta kamar mai neman ƙaya a tafin yaro,
ya aza mata wani tsohon sirdi marar ado, marar nauyi,
ya zura yatsu uku ƙarƙashin kwacciya:
nan iska za ta bi.
Zubka biyu masu shan gumi, ɗaya na aiki ɗaya na shan rana.
Majayi mai faɗi, kada ya yanke ta a hammata.
Likkafa ma mai faɗi,
don bayan awa huɗu, ya ce, tafin ƙafarka zai kai ka ƙara.
Linzami mai laushin baki, ragama a ƙarƙashinsa,
ta samu ta sha ruwa in kun tsallaka Kubanni.
Gora biyu. Soso. Ƙullin kanwa da gishiri.
Ɗan ƙarfen sakace kofato.
Hular kwano ba ya sayarwa, ya ce in je in nemo,
shi fata yake ɗinki, bai iya facin kai ba.

Asabar, muna idar da asuba, mu tara muka fita.
Dawa ta yi kai, raɓa har gwiwa.
Ina ɗokin kada a bar ni,
na jefa zubka, na ja majayi, na haye.
Sassarfa, tafiya, sassarfa.
Na ji ta tana ɗan noƙe baya a gangara,
na ce halinta ne.

Ƙarƙashin mangwaro Dakta Lantana ke jira.
Ta kara abin sauraro a haƙarƙarin Ladingo, idonta kan agogo,
ta ja fatar wuya ta saki,
sannan ta ce in sauke sirdi.
Zubkar ta naɗe, naɗi ɗaya, bai fi kaurin fensir ba.
Inda ya kwanta, kumburi kamar ƙwan zabo,
da zafi.
Ta ce, "Kun gama na yau."

Hanyar gida ta fi ta zuwa tsawo.
Ragama a hannu, sirdi a kaina,
likkafa na bugun kunnena duk taku.
Yaran Samaru suka biyo mu da shewa,
wai ga wanda doki ya hau.
Ladingo na tafe a baya tana fizgar ciyawa,
sau biyu ta goga goshinta a kafaɗata.

Baba Cindo bai ce komai ba.
Ya shimfiɗa zubkar a cinyarsa,
ya bi ta da tafin hannu, a hankali, sau uku,
ya miƙo mini in yi.
Ƙaimin yana nan ƙarƙashin tabarma,
na ji shi da na zauna.