Kuɗina Suna Ƙarƙashin Ƙasa

Shekara talatin da biyar ina riƙe da alli,
na bar makarantar Gyallesu da furfura da tari.
Kuɗin sallama suka fito a watan Safar, ba su taka kara sun karya ba,
na sayi fili bayan Hayin Dogo, inda Kubanni ke kusa.

Na kira Tanimu birkila, mutumin Anguwar Juma,
gajere, yatsa huɗu a hagu, ba ya son gardama.
Bai ko dubi zanen da na biya aka yi mini ba.
Ya durƙusa, ya ɗebi ƙasar, ya murza, ya sansana,
har na zaci zai lasa.

Ya ce, "Malam, ƙasa iri-iri ce, kamar surukai.
Wata jar marmara ce, wata dutse, irin ta gindin Kufena.
Can zirin rami ya wadatar: ka bi layin bango da diga,
ka zuba kankare, ka jera bulo ɗan inci tara,
ka je ka yi barcinka, babu abin da zai gusa.

Mai son bene, rami ne mai kusurwa huɗu gindin kowane ginshiƙi,
a saƙa kwandon rodi a ciki, a tsai da fila a kai,
yadda raƙumi ke taka rairayi da faffaɗan tafi
bai nutse ba, ga kaya a bisa."

"Tawa fa?" Ya yi shiru, ya goge hannu a wando.
"Taka laka ce, baƙa, 'yar fadama.
Da rani ta dare kamar faso, da damina ta kumbura.
A yi mata ziri, shekara biyu bango ya buɗe baki,
ƙadangare ya shiga ta falo ya ɓullo ta ɗaki,
ƙofa ta ƙi rufuwa sai an sa kafaɗa an matsa.

Sai dai tabarma. A shimfiɗa rodi tsaye da kwance,
iyaka zuwa iyaka, a ɗaure da waya,
a malala kankare bai ɗaya, gida ya zauna kamar kwale-kwale,
in ƙasa ta motsa ya motsa gaba ɗayansa.
Akwai na turaku, da inji ke kafawa zurfin rijiya,
na masu gada ne wannan, ya yi wa aljihunka nisa."

Na ce, "Ni fenti nake so, da tagar gilashi,
Uwani ta gaji da haya, tana son inda za ta shanya kuɓewa."
Ya ce, "Fenti na masu wucewa ne. Harsashi naka ne da jikokinka."
Na yi fushi kwana uku. A na huɗu na amsa.

Tifa shida ta tsakuwa, tara ta yashin Galma,
siminti ina ƙirga buhu, zuciya na suya.
Lebura goma sha biyu, kwano a ka, tun asuba har isha,
Tanimu na ihu kada a cika wa kwaɓi ruwa.
Mako guda ina ban ruwa safe da yamma
kamar mai lambun da ba ya tsiro.
Da na leƙa asusu, ko kuɗin bulo ɗari ya kasa.

Damina huɗu ke nan.
Gidan Alhaji Barau na gefe, da aka tayar a wata biyar,
sau biyu ana yi masa ɗinki, amma da mutane ciki, ina jin ƙanshin miyarsu.
Nawa ko tsaga babu. Ko bango.
Awakin unguwa ke kwana a falona,
ɗakin Uwani nan yara ke wasa.

Ran Juma'a bayan la'asar nakan hau keke in je,
in tsaya inda ƙofa za ta zauna, in yi sallama,
in cire takalmi, in bi ta zaure,
ba na tsallake bango ko da babu shi.
In zauna a ɗakina, gajimare ne rufi,
in buga dunduniya sau uku, in ji shi daram.
Tanimu ya rasu bara, bai ga bulo ɗaya kan aikinsa ba.
Uwani ta ce kuɗinmu sun mutu.
Na ce a'a, da ransu aka binne su,
suna jirana a ƙasa.