Bi-ni-da-zugu

A gefen lambun Baba Cindo, bayan garin Auyo,
inda ruwa ke bin kwami yana shayar da albasa,
akwai wani shinge da ya girme ni.
Akuya ta zo, ta sansana, ta juya abinta.
Ganyensa faɗin tafin hannu;
ka tsinka, ruwa mai yauƙi ya ɗigo,
ya bar wa riga tabon da sabulu ya gaza.

Ɗana Nafi'u, haihuwar birni, ya ce 'yar gwanda ce.
Na ce kai, anya ba zurma ba?
Baba ya jingine fartanya,
ya yi dariya har ta koma tari.
"Zurma 'ya'yanta ƙaya gare su. Ku duba nan:
kore, sumul, ya nuna ya yi ruwan ɗorawa,
ya bushe ya yi baƙi.
Fasa ka gani. Ƙwaya uku, kowacce da ɗakinta.
Sunansa bi-ni-da-zugu."

Yaro ya ce, mene ne zugu?
Ni ma sai da na lalubi kalmar, kamar allura a rairayi.

"Farin saƙi ne, siriri, aikin masaƙa.
Da shi ake suturta mamaci
tun yadin kanti bai san hanyar garin nan ba.
Ƙwayar nan gardi gare ta, sai ka ce gyaɗa,
ba ta ɗaci, ba ta gargaɗi.
Shi ya sa na da suka sa gargaɗin a cikin sunan.

Ni na ci bakwai, ina ɗan shekara takwas,
ni da Ɗantala, a nan gindin, da rana tsaka.
Kwana biyu ciki na zuba, ido ya faɗa.
Inna ta yanke ƙauna, ta aika wa masaƙi.
Zugu ya iso da hantsi,
ya tarar da ni zaune ina neman koko.
To, an riga an biya.
Shi aka ɗinka mini rigar salla,
na sa ta shekara uku, har ta ɗage mini cibiya."

Nafi'u ya yi dariya. Can ya ce, Ɗantala fa?

Baba ya ɗauki fartanya.
Ya toshe wannan kwami da laka, ya buɗe wancan,
ya tsaya yana kallon ruwa na shiga.
Balbela ta sauka a kan kunya, ta tashi.

Yaro ya buɗe hannunsa a hankali,
ƙwaya uku suka faɗi cikin taɓo.
Har muka isa gida yana goge tafin a wando.