Lamba Bakwai

An tashi wasa, Mai Wurno ta watse,
saura ni da fitilar mai shayi
da littafin da gumi ya jiƙa wa gefe.
Hajja Batula ta zuba mini jabana, ta sa citta,
ta ce, "Koci, yau ma lissafi?"
Na ce, yau ma.

Na jera marafan kwalba a kan tirenta,
goma sha ɗaya, kowa da gurbinsa.
Wannan jan, mai lanƙwasa a baki, shi ne Ukasha,
ɗan gefen dama,
ɗan masunci daga gangaren kogi.

Ga abin da na rubuta, ban ƙara ko ɗigo ba:
sau sha huɗu aka ba shi ƙwallo,
ya tare tara, biyar suka zame masa.
Sau shida ya yanke mai tsaron baya,
sau ɗaya ma ya zaunar da shi daɓas,
yaran kan katanga suka ɓarke da ihu.
Sau huɗu ya aiko ta gaban raga,
uku babu kowa a wurin,
ta huɗun tana gonar ayabar Malam Jibo,
har yanzu ana nema.
Sau nawa ya ɗaga kai ya dubi Dafalla?
Nan na bar layin fari fat.

Gudu kam, Allah ya ba shi.
In ya tashi, ka ce an buɗe madatsar Sinnar.
Amma ni wasana wasan taru ne:
kowa ya riƙe igiyarsa, a ja tare,
taɓa ka ba ni, in taɓa in ba ka,
a matso, a matso, har kifi ya rasa ƙofa.
Shi ko ɗan fatsa ne,
shi kaɗai cikin kwalekwale, daga shi sai sa'arsa.

Shugaban kulob ya ce a ajiye shi a benci.
Dafalla ya ce, "Na ɗaga hannu har kafaɗa ta sage."
Mataimakina ya ce a mai da shi baya ya koyi haƙuri.
Duk na ji, kuma babu mai ƙarya a cikinsu.

Sai dai akwai shafi na biyu,
wanda ban karanta wa kowa ba.
Sau biyar ya sulale ta bayan masu tsaro,
a kan lokaci, babu satar gida,
fili a gabansa kamar gonar dawa bayan girbi.
Shi ma ya ɗaga hannu.
Ƙwallo tana ina?
Tana tsakiya, Ɗahir da Sabo suna miƙa wa juna
kamar masu ladabin kofin shayi,
"bismilla", "a'a, kai bismilla",
yadda aka koya musu.
Wa ya koya musu? Ni.

Wanda aka ƙi gani sau biyar,
in ta faɗo ƙafarsa a ta shida,
da wace zuciya zai ba wani?

Ranar da ubansa ya kawo shi, da warin kifi a riga,
abu ɗaya ya ce mini:
"Ka lura, wannan ba ya rayuwa a randa."
Na yi dariya a lokacin.

Jabana ta zube kaɗan a tire.
Na sa yatsa, na ja layi mai tsawo
daga marfin Ɗahir zuwa can kusurwa,
inda babu kowa tukuna.
Gobe bayan la'asar za mu yi ciniki:
doguwa uku, da wuri, kafin a rufe masa hanya,
shi kuma ya biya ni da ɗaga kai sau ɗaya.
Ɗaya tak. In ya iya, mu nemi biyu.

Na rubuta sunansa a jerin Juma'a,
da fensir dai, ba da biro ba.
Hajja Batula ta ce, "Koci, tirena."
Na kwashe goma na zuba a aljihu.
Jan ya ƙi zama, ya gangara ƙasa,
ya bi gefen dama, ya shige duhu.