Kuɗin Fito

Da asuba nake hawa rufin tashar awon yanayi ta Moynak,
tsumma a aljihu.
Akwai 'yar ƙwaryar gilashi a can, a kife,
ba ta kai tafin hannu ba,
ita ke ƙirga hasken da ya sauko mana.
Aikina in goge mata ido.

Mahaifina, Tazabay, ya ja taru a nan shekara talatin.
Yau jirginsa na zaune kan rairayi, tsatsa na cinsa,
awaki na shan inuwarsa.
Teku ya tafi bai yi sallama ba,
amma yana aike:
in iska ta taso daga arewa
sai ƙasan da ya bari ta miƙe tsaye, fara fat,
gishiri da ragowar maganin auduga,
ta shiga tsakaninmu da rana.

Ran Talata haka aka yi.
Tun hantsi rana ta koma tsohon faranti,
kana kallonta ido cikin ido.
Inuwata ta sulale daga ƙafata.
Kaji suka shige akurki kafin azahar.
Ma'auni ya faɗo daga ɗari takwas zuwa ɗari uku.

Gulzira ta bugo daga Nukus.
Ita ke karanta hotunan tauraron ɗan'adam,
mai ratsawa ta kanmu bai san sunan kowa ba.
Ta ce, "Daga sama ƙurarku da kyau,
kamar an ɓarar da madara kan taswira.
Shi yana ganin hasken da aka kora baya.
Wanda ya iso ƙasa kuwa, sai ke. Nawa ne?"
Na faɗa mata. Ina jin ƙarar alƙalaminta.
Ta auna nata da nawa,
abin da ya salwanta a tsakani
ta raɗa masa suna mai tsawo.

Ni kuɗin fito nake ce masa.
Ruwa ya ƙafe, komi ya mutu,
amma rana ba ta ƙetare tekun nan kyauta.

Tumatirin bayan gida ya riga mu sanin lissafin,
ganye ya yi furfura, 'ya'ya sun tsumbure.
Da yamma Baba ya fito yana tari,
ya lashi leɓe, ya daɗe bai ce komai ba,
can ya ce ɗanɗanon bai sake ba.

Na jiƙa tsumman a bokiti.
Gobe akwai hawa.