Ƙararrawar Barkono

Saura kwana uku salla
na shiga wani kanti a titin Gidan Zu
inda ake sayar wa dabba abin da mutum bai samu ba:
sabulun kare, katifar kyanwa,
kifin gwangwani mai hoton mage tana murmushi.
Yarinyar kanti ta ce, "Baba, me za a kawo?"
Na ce abin wuya, ja, mai 'yar ƙararrawa.
Dubu takwas da ɗari biyar.
Ban taya ba.
Ni da nake taya albasa a 'Yankaba
har sai mai albasa ya yi rantsuwa.

Kyanwar ba tawa ba ce.
Ta Ladingo ce, Allah ya jiƙanta.
A bakin kwata ta tsince ta, ranar ruwan ƙanƙara,
ta raɗa mata Barkono saboda faɗa.
Duk salla sai ta yago gefen atamfa
ta ɗaura mata a wuya, tana cewa,
"Kowa a gidan nan sai ya sa sabo."
Salla biyu ke nan ba mai yagowa.

Cikin adaidaita na ɗora ledar a cinya,
duk ramin da muka faɗa sai ta yi ƙara
kamar tana ƙirga mini kuɗina.

A bakin layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi
ga Ɗanlasan mai ga-ruwa zaune kan jarka,
kurarsa ta kwanta gefe ɗaya,
taya ta fashe tun da hantsi.
Bai roƙe ni ba. Ɗanlasan ba ya roƙo.
Sannu da zuwa kawai ya yi mini,
na matse ledar a hammata
don kada ta yi magana.
Sai da ta yi.

Da dare na kafa kotu a kan tabarma,
ni ne alƙali, ni ne mai ƙara, ni ake tuhuma.
Na ce dabba ma rai ce, amana ce.
Na ce amanar ciki aka ba ka, ba ta wuya ba.
Na ce ai na fid da zakkar kono, ban tauye ba.
Na ce to, ita taya nawa take?
Nan aka ɗage zama, sauro ya hana.

Ita kuwa mai kayan,
da na ɗaura mata, birgima ta yi,
ta sa ƙafar baya ta tuɓe,
ta shige kwalin da aka zubo shi ta yi barcinta.

Washegari bayan shan ruwa na neme ta na rasa.
Na leƙa waje.
Ga ta a gindin kurar da ta kwanta,
Ɗanlasan na gutsura mata ƙosai,
loma ɗaya tasa, loma ɗaya tata.
Ya ce, "Kullum nan take zuwa, Malam,
tun rasuwar Hajiya.
Ran da na samu, kan kifi.
Ran da ban samu ba, ba ta raina wannan."
Ya faɗa kamar mai ba da labarin farashin ruwa.

Shekara biyu
wani yana yi wa gidana sadaka
ni ina ciki ina lissafin lada.

Kantin ba sa karɓar kaya in an fita da shi.
Kuɗin hula na kai wa mai faci,
na je idi da hular bara,
ba wanda ya lura sai ni.

Ƙararrawar tana hannun kura yanzu,
Ɗanlasan ya ce tana kore masa yara daga hanya.
Da asuba in ta kaɗa daga kan kwana
Barkono takan tsallake ƙafata ta fita,
wuyanta ba komai.

Jiya na buɗe akwatin Ladingo
na daɗe riƙe da gefen wata atamfa.
Ban yaga ba.
Ban kuma mayar ba tukuna.