Ɗakin Yumɓu

A Damagaram, bayan asibiti,
akwai ɗaki ɗaya da ba a yin allura.
Tabarma biyu, faranti cike da yashi,
yumɓu a roba, motocin gwangwani.
Nan nake aiki. Rabin aikin zama ne.

Wata huɗu Mutari bai ce uffan ba,
tun daren da ruwa ya kwana yana zuba,
katangarsu ta Birni ta kwanta.
An yi tofi, an ba shi rubutu ya sha.
Kakarsa Cima ta ce da ni,
"Ga baki, ga harshe,
maganar ce ta yi ƙaura."

Ban tambaye shi kome ba.
Na tura masa yumɓu, na kama nawa.
Ya gina gida, ya rushe.
Ran Laraba ya gina, ya rushe da dunƙule.
Mako uku muna ginin da ba ya kwana.

Rannan ya murza wani ɗan abu,
ƙafa huɗu, kunne ɗaya ya fi ɗaya,
ya zare zare daga bakin rigarsa
ya ɗaura masa a wuya,
ya aje shi gindin katanga,
ya ɗebo yashi ya rufe shi ruf.
Ya dube ni.
Na ce, "Wa ke ciki?"
Shiru, har na ji ƴan garuwa na wucewa waje.
Sai murya, kamar ƙyauren da ya daɗe a kulle:
"Akuyata ce.
Ni na ɗaure ta nan."

Manya sun lissafa buhun hatsi,
sun lissafa kwano da azara,
sun yi hamdala ba a rasa rai ba.
Ba wanda ya lissafa igiya.

Ban ce masa ba laifinsa ba ne,
lokacin wannan bai yi ba tukuna.
Na miƙa masa cokali.
Muka tono ta a hankali,
ya hure mata yashi daga ido,
ya kwance zaren da haƙori,
sannan kukan ya zo, na wata huɗu.

Da la'asar Cima ta zo ɗaukarsa.
Ta ga aljihu ya yi jirwaye,
ta fara faɗa, "Wa zai wanke wannan?"
Ya ce, "Ni."
Tsohuwa ta zauna a bakin ƙofa,
ta manta takalminta ɗaya a hannu.